Ƙayar da Ta Kwana a Wuyan Zalɓe

Dalilin da ya sa zalɓe yake tsayawa shi kaɗai a bakin ruwa, wuya a lanƙwashe, ba ya waƙa, ba ya hira da kowa, shi zan gaya muku yau. Amma kowa ya ajiye kifin da ke hannunsa tukuna. Ba a cin kifi ana surutu, ba a cin kifi ana sauraron labari. Mati, da kai nake. Ke Tasalla, matso nan inda zan riƙa ganinki.

A da can, zalɓe ba haka yake ba. Fari ne fat kamar balbela, wuyansa a miƙe sambal kamar taɓarya, kuma duk faɗin gulbi babu mai muryarsa. Idan ya tsaya a kan tudun yashi ya ɗaga kai ya fara waƙa, masunta sukan manta da taru a cikin ruwa, mata masu wanki su saki zane ruwa ya tafi da shi.

Muryar nan tana da aiki, ba ta nishaɗi kawai ba ce. Kun san dangin shamuwa ba sa zama wuri ɗaya. Da kaka su yi kudu, da farkon ruwa su dawo. To, lokacin da suke dawowa hadari ya rufe ƙasa, daga sama kowane gulbi kama yake da ɗan'uwansa. Saboda haka da an yi yayyafin farko, Zalɓe yakan hau tudun yashi ya riƙa rera musu:

Ruwa ya zo, hanya ta yi nisa,
Ku sauko nan, yashi ya yi sanyi,
Mai jan ƙafa, ke nake kira.

Da sun ji sai su bi muryar su sauka. A wancan zamani shamuwa ba ta kwana a bishiyar gari. A bakin gulbi take yin damina, ita da 'ya'yanta.

Mai jan ƙafar da yake kira a waƙa kuwa wata budurwa ce cikin dangin shamuwa, sunanta Marka, don a tsakiyar marka aka haife ta. Yarinya ce mai tsiwa kaɗan, mai dariya da yawa. Zalɓe ya nemi aurenta aka ba shi, aka sa rana sai farkon ruwan shekara mai zuwa, idan sun dawo daga kudu.

Uwar Marka, wadda kowa yake kira Inna Shamuwa, ita ce mai cire ƙaya a duk gulbin. Masu cin kifi ba sa rabuwa da wannan wahala, don haka ƙofar gidanta ba ta rabuwa da jama'a. Bakinta dogo ne siriri kamar hantsaki, idonta kuma ba ya kuskure. Ba ta yin aiki da gaggawa. Idan an kawo mata mutum sai ta zaunar da shi ya fuskanci rana. Ta tambaye shi wane kifi ya ci, don ƙayar karfasa miƙaƙƙiya ce, ta kawara siririya ce mai reshe, ta ƙurungu kuwa haƙora ne da ita kamar zarto, tana shiga da sauƙi, fita ce wuya. Sai ta ce ya nuna inda yake jin suka. Ta ba shi ruwa kurɓi ɗaya ta tsaya tana kallon fuskarsa lokacin da zai haɗiye. Idan ruwa ya wuce, zafi kuma bai ƙaru ba, takan ce ƙaya ta riga ta wuce, ƙarzar wurin kawai ta yi, je ka sha kunu mai ɗumi. Idan kuwa ta ga mutum ya runtse ido, miyau yana taruwa a bakinsa ya kasa haɗiyewa, to ta san tana nan. Sai ta danne masa harshe da sillen kara, ta leƙa, ta sa baki ta jawo ta ta hanyar da ta shiga.

Magana biyu take yi wa kowa, har yara sun haddace. Takan ce, “Ƙaya jawo ta ake yi, ba a tura ta.” Ta kuma ce, “Kada ku bari ta kwana. Idan nama ya rufe a kanta, bakina ba ya kai wa.”

To, wata rana ana dab da kaka, iska ta yaye rufin ɗakin Inna Shamuwa. Zalɓe, da yake shi ne surukin gida, ya kwashe yini yana jidar ciyawa yana ɗaura rufi. Tare da shi akwai taubashinsa Gauraka, wanda bai ɗauki ko tsinke ɗaya ba, sai gyaran tukkunsa yake yi a inuwa yana ba da umarni. Gauraka irin mutanen nan ne da in sun ce maka rana ta fito, sai ka leƙa waje ka gani da idonka.

Da la'asar aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Marka ta shigo da akushi ta durƙusa ta ajiye. Farfesun ƙurungu ne, ƙamshin daddawa ya cika zauren.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, sai ku shiga gidan surukai ku buɗe tukunya. A da, namiji ba ya cin abinci a gidan surukansa. In an kawo ya gode, ya ɗan taɓa bakin kwano, ya rufe ya tura gefe. Surukuwa ta ga bakinka yana motsi? Gara ƙasa ta tsage ka shige.

Zalɓe ya ce, “An gode, Alhamdu lillahi, a ƙoshe muke.”

Gauraka ya ce, “Kai ne a ƙoshe. Ni tun safe cikina yake kiran sunan kakata.”

Marka ta ce, “Kai da ba ka tsinana komai ba? Ba don kai na dafa ba.” Ta juya ga Zalɓe ta rage murya. “Ni na kama shi, ni na gyara, ni na dafa. Ba ka taɓa cin girkina ba. Ga shi za mu tafi, sai wani ruwan. In ka mayar mini da akushin nan a cike, zan tafi kudu ina cewa hannuna ne ba ka so.”

Zalɓe ya ce, “Haba Marka. Inna fa tana ciki.”

Ta ce, “Tana bayan gida tana shanya magani. Ci ɗaya kawai, in gani da idona.”

Yunwa tana cinsa, ga kuma idon yarinya a kansa. Ya ɗauki ƙurungu ɗaya ya kai baki. Bai kai ga tauna ba sai ya ji gyaran murya a bakin ƙofa. Inna Shamuwa ce ta zo yi masa sannu da aiki.

Zalɓe bai yi tunani ba. Ya haɗiye kifin nan ɗungurungum, da kai da ƙaya da komai. Kifi ya wuce, ƙayar bayansa ta karye ta tsaya a maƙogwaro. Ya ji kamar an soka masa basilla. Hawaye ya cika masa ido, amma ya zube ƙasa ya sunkuyar da kai.

Inna ta tsaya daga waje, ta kau da fuska gefe. Ita ma tana da tata kunyar, don Marka 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, balle ta dubi mijin da za ta aura ido cikin ido. Ta ce, “Sannunku da aiki. Allah ya yi albarka.”

Zalɓe ya buɗe baki zai amsa, murya ta fito a shaƙe. Ya ce, “Amin, Inna.”

Tsohuwa ta ɗan yi jim. Kunnen da ya shekara yana sauraron maƙogwaron mutane ba a ɓoye masa irin wannan. Amma ta juya ta koma ciki.

A hanya Gauraka ya yi ta dariya har yana dafa ciki. Ya ce, “Ango, ango! Ka ga yadda idonka ya fito? Wallahi na ɗauka kwaɗo ne ya sa farar riga.”

Zalɓe ya ce, “Tana nan. Ta tsaya.”

“To mu koma mana. Ga mai cirewa can, ko kuɗin magani ba za ta karɓa ba.”

Zalɓe ya tsaya cak ya ce, “In koma in zauna gabanta in wage baki? Ta danne mini harshe? Ta tambaye ni wane kifi na ci, a ina na ci? Gara in mutu.”

Gauraka ya ce, “Kwantar da hankalinka, ba sai an je ba. Ni ma na san magani. Kakata da lomar tuwo take yi.”

Suka je gida aka tuƙa tuwon dawa mai tauri. Gauraka ya mulmula loma kamar dunƙulen hannu ya ce ya haɗiye kada ya tauna. Zalɓe ya haɗiye. Loma ta bi ta kan ƙaya ta danna ta ƙasa, haƙoranta suka ƙara kama nama. Ya yi kaki sai ga jini.

Gauraka ya ce, “Alamar nasara ke nan, ta motsa. Ƙara wata.”

Ya ƙara. Da tuwo bai yi ba aka kawo rogo, da rogo bai yi ba aka ɗora masa ƙashin kifi a tsakar ka aka ce ya yi tsalle. Daga ƙarshe Gauraka ya daina dariya. Ya ce, “Ɗan'uwa, saura dabara ɗaya. Abin da kifi ya sa, kifi ne zai tura. Ka riƙa haɗiye kifi ɗanye, ta kai, kada ka tauna. Wata rana ɗaya zai tafi da ita.”

Haka ƙaya ta kwana.

Da gari ya waye wuya ya kumbura. Miyau yana zuba ya kasa haɗiyewa. Ya gano cewa idan ya lanƙwasa wuyan ya janyo kai baya, zafin yana ɗan lafawa, sai ya riƙa zama haka. Da rana ta ɗaga, azaba ta kore shi daga ɗaki. Ya bi ta cikin ciyawa har bayan gidan Inna Shamuwa, ya laɓe a jikin zana yana leƙe.

Ya tarar an kawo wata Dinya. An zaunar da ita ta fuskanci rana, baki a wage, harshe a waje, miyau yana dalala har ƙirji, tana kakari yara suna dariya. Inna tana cewa, “Tsaya mini, ke! Da kina ci ai ba ki yi wannan kukan ba.” Ta danne harshen da sillen kara, ta leƙa, ta sa baki, sai ga ƙaya ta fito, 'yar mitsitsiya. Dinya ta kurɓi ruwa ta tashi tana godiya tana gaggawar komawa gida, wai ta bar tukunya a wuta.

Abin da sauri haka. Zalɓe ya ga sauƙin da idonsa. Amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne harshen nan a waje da miyau a ƙirji. Ya ce a ransa, ni ke nan, gaban uwar Marka. Ya juya zai tafi, ƙafarsa ta taka busasshen kara.

Inna ba ta waiwayo ba. Ta ci gaba da wanke sillen kara a ƙwarya, ta yi magana kamar da zana take yi.

Ta ce, “Na ji an ce wani bawan Allah ba ya jin daɗi.”

Zalɓe ya durƙusa a bayan zana ya ce, “Mura ce, Inna.”

“Mura. To. Murar bana tana sa mutum ya kasa haɗiye miyau?”

Zalɓe ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Jiya an dafa ƙurungu a gidan nan. Na ƙirga kawunan da aka zubar, ɗaya babu. Ban san wanda ya ci ba, ba na kuma son in sani. Amma a gaya wa mai murar nan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni idan ina aiki ba fuska nake kallo ba, maƙogwaro nake kallo. Na sarki da na bawa duk ja ne.”

Zalɓe ya ɗaga ƙafa ɗaya zai zagayo. Sai ya jiyo muryar Marka a tsakar gida tana daka tana rera waƙarsa, mai jan ƙafa ke nake kira. Ya ce a ransa, ita ma za ta fito ta gani. Ya mayar da ƙafar.

Ya ce, “Da sauƙi, Inna. An gode.”

Tsohuwa ta ajiye ƙwarya. Da wani ne da ta sa an kamo shi an danne. Amma mijin 'yar fari ne, ba ta iya kama shi, ba ta iya ce masa buɗe baki. Ta ce, “Allah ya sawwaƙe.” Kunya ta tsaya a wannan gefen zana, kunya ta tsaya a wancan gefen, ƙaya tana tsakiya tana nutsewa.

Ku saurara da kyau. Kada in ji wani ya fita ya ce na ce a daina kunya. Kunya ado ce, wanda ba shi da ita tsirara yake yawo. Amma kowane ado da inda ake tuɓe shi.

Kwanaki suka wuce, dawa ta nuna, ranar tafiya ta zo. Dangin shamuwa suka taru a kan tudun yashi da hantsi. Zalɓe ya zo rakiya da rawani a naɗe har wuya don kada a ga kumburi. Marka ta ja shi gefe.

Ta ce, “Kwana biyu ka ɓuya. Ko girkin nawa ne ya kore ka?”

Ya girgiza kai. Da ƙyar ya ce, “Ya yi daɗi.”

“Wannan murar taka ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Yi mini waƙar sau ɗaya mana, in tafi da ita a kunne.”

Ya ce, “Sai kin dawo.”

Ta dube shi ta ɗan ɓata fuska, sannan ta yi murmushi. Ta ce, “To na bi ka bashin waƙa. Ka ji, idan ruwa ya sauka ba na ganin komai daga sama, muryarka kawai na sani. Ka tsaya nan inda muke tsaye. Inda na ji ta, nan zan sauka. In ban ji ba, zan nemi wuri mai tsawo in zauna in saurara har sai na ji. Ba zan amsa wa kowa ba.”

Aka ce a tashi, Inna Shamuwa ta ƙi tashi. Ta ce ƙullin kayanta ya kwance. Ta kwance ta ɗaure, ta sake kwancewa. Jama'a suna ta cewa rana tana yi, ita kuwa ta juya wa Zalɓe baya tana magana da iska.

Ta ce, “Ga rana ta yi kyau, ana ganin komai. Bakina ma yana nan. Na kuwa tsufa, hanyar nan ba kullum ake zuwa a dawo ba.”

Zalɓe ya matso. Duk dangin Marka suna tsaye, kawunnanta da gwaggonninta, kowa ya zuba ido. Ya zo har bayanta ya durƙusa. Ya buɗe baki kaɗan. Sannan ya ce, “Allah ya kiyaye hanya, Inna.”

Tsohuwa ta ɗaure kayanta ta tashi sama, sauran suka bi ta.

Sai da suka zama kamar ƙudaje a sararin sama sannan hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya fizge rawani ya jefar, ya ruga bakin ruwa, ya ɗaga kai zai ƙwala kira su dawo. Abin da ya fito shi ne, “Ƙwaaƙ.” Ko kwaɗin da ke kusa ba su waiwayo ba.

Rani ya shigo. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kumburi ya fashe ya warke, nama ya rufe a kan ƙaya. Bai mutu ba. Amma da ya tashi, wuya ya riga ya saba da lanƙwasa ya ƙi miƙewa. Farin gashinsa ya koma ruwan toka. Ya rame, ƙafafu suka zama kamar kara. Magana ma ta tafi gaba ɗaya. Kullum yana bakin ruwa yana leƙa inuwarsa, ya buɗe baki ko zai hango ƙayar. In kifi ya gifta ya cafke ya haɗiye ta kai, ya miƙa wuya ya jira, ko wannan ne zai tafi da ita. Abu ɗaya ya riƙe shi. Yana cewa a ransa, Inna za ta dawo. Wannan karon ko gaban duniya ne zan buɗe baki. Ko yanka wuyan za ta yi, ta yanka.

Rannan iska ta juyo daga gabas da ƙamshin ƙasa. Hadari ya haɗu, aka yi yayyafi. Zalɓe ya hau tudun yashi, daidai inda suka tsaya. Can sai ya ji motsin fukafukai a cikin gajimare. Ya san su ne. Ya san har bugun fiffikenta, don takan yi sauri ta wuce na gaba. Ya cika ƙirji da iska, waƙar tana nan a ransa kalma bayan kalma, ya buɗe baki.

“Ƙwaaƙ.”

Suka yi ta kewaya sama. Su yi gabas su dawo, su yi yamma su dawo, suna sauraro. Shi kuma yana ƙasa yana ta ƙwaƙ, ƙwaƙ, har jini ya fito. Da fukafukai suka gaji, sai suka hango wata doguwar tsamiya ta huda hazo a tsakiyar wani gari, suka sauka a kanta.

Washegari Gauraka ya raka shi garin. Suka sauka a reshen ƙasa. Zalɓe yana ta dube-dube, yana neman tsohuwa. Wata gwaggon Marka ta ce wa Gauraka, “Ba ku ji ba? Inna ai ta rasu tun a hanyar tafiya. Ba ta ko kai kudu ba.”

Zalɓe ya daina dube-dube.

Sai ga Marka ta sauko daga ƙololuwa. Ta rame ita ma. Ta wuce ta gabansa ba ta ko dube shi ba, ta tsaya gaban Gauraka.

Ta ce, “Ina ɗan'uwanka? Me ya hana shi waƙa? Ko tafiya ya yi?”

Gauraka ya nuna shi ya ce, “Ga shi nan.”

Ta juya ta dubi wani tsoho ruwan toka, wuya a karye, ido ya faɗa. Ta ce, “Gauraka, ina cikin makokin uwata. Yau ba ranar wasa ba ce.”

“Wallahi shi ne. Ƙaya ce, Marka. Ƙurungun da kika dafa.”

Ta ce, “Bara ka ce mini wani kada ya cinye shi a gulbi, na yini ina kuka kana dariya. Ka ce mini ya auri 'yar agwagwa. Yanzu kuma ka samo bawan Allah a hanya ka ce shi ne, har ka ɗora wa girkina laifi? Ka ji tsoron Allah.”

Gauraka ya rantse, ya sake rantsewa. Amma wanda ya saba rantsuwa a kan ƙarya, ranar gaskiya ba shi da abin da zai ƙara.

Marka ta matso kusa da Zalɓe ta ɗan rusuna, don yarinya ce mai tarbiyya. Ta ce, “Baba, ka yi haƙuri, haka yake da kowa. Daga gulbi kake? Ko ka san wani fari, dogo, mai waƙa?”

Zalɓe ya dube ta. Ga ta nan kusa, har yana jin ƙamshin ruwan sama a jikinta. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya buɗe baki. Ta ja da baya don ƙarar ta tsorata ta.

Ta ce, “Allah sarki, ba ya magana.” Ta ɗauko fara ɗaya cikin guzurinta ta ajiye a gabansa. “Ga wannan, Baba. In ka gan shi a bakin ruwa, ka nuna masa tsamiyar nan. Ina sama, ina ji. Ina bin sa bashin waƙa.”

Ta koma ƙololuwa ta zauna, ta karkata kai wajen gulbi.

Zalɓe bai ɗauki farar ba. Ya koma tudun yashi ya tsaya. Ya san babu rantsuwar da za ta sa ta yarda, sai waƙa. Waƙa kuma tana bayan ƙaya.

Shi ya sa har yau shamuwa ba ta sauka a bakin gulbi. Da ruwan farko za ku gan ta a kan bishiya mafi tsawo a gari, ta yi shiru, kai a karkace. Ta yi damina tana sauraro, da kaka ta tafi, wata shekara ta dawo bishiyar. Shi ya sa kuma har yau zalɓe yake tsaye shi kaɗai a ruwa, wuya a lanƙwashe, yana leƙen inuwarsa. In ya kama kifi ba ya tauna. Ku lura da shi, zai haɗiye ta kai, ya miƙa wuya sama ya yi jim. Jira yake ya ji ko ta wuce. Sannan ya gwada murya sau ɗaya, ya ji ba ta dawo ba, ya mayar da wuya ya ci gaba da jira.

Ke Tasalla. Tun da na fara labarin nan ba ki haɗiye miyau ba, ina kallonki. Ba na son in ji wata mura. Taso ki juyo wajen haske. In na hango ta, to. In ban hango ba, babu mai ba ki lomar tuwo a gidan nan, ubanki zai kai ki asibiti yanzu, ba gobe ba.

Buɗe bakin.